Tarkacen da Manhaja Ke Bari a Kwamfuta: Wa Ya Kamata Ya Kwashe?

Batunmu na yau ya shafi duk mai aiki da kwamfutar tebur, a ofis ne, a makaranta ne, ko a shagon buga takardu. Da yawanku kun taɓa ganin kwamfuta ta fara jan jiki, sandar da ke nuna cikar ma'ajiya ta rikiɗe ta koma ja, alhali mai ita bai zuba fim ko hotunan biki ba. A kai ta wajen mai gyara, ya buɗe wata folda mai suna Temp, ya share abin da ke ciki, ya karɓi kuɗinsa, ya rufe da nasiha cewa a riƙa tsaftace kwamfuta. Nasihar ba ta da aibu, amma ta ɗora nauyin a kan wanda bai zubar da tarkacen ba. Ra'ayina shi ne, fayil ɗin wucin gadi da ya kwana a kwamfuta ba tare da kowa ya san da zamansa ba, lahani ne a cikin manhajar da ta ƙirƙire shi, kuma wanda ya rubuta manhajar ne kaɗai ke da ilimin da zai kwashe shi ba tare da ya yi ɓarna ba. A kan wannan zan kawo hujjoji, in kuma saurari masu ja da maganar, domin wasunsu suna da abin faɗa.

Da farko, me ya sa ake ƙirƙirar waɗannan fayiloli? Ba don wasa ba ne. Ku ɗauki Microsoft Word. Idan mai buga takarda ya danna maɓallin ajiyewa, Word ba ya hawa kan tsohon fayil kai tsaye ya rubuta sabo. Yakan rubuta sabon a gefe da wani suna na wucin gadi mai ƙarewa da harufan t, m, p, sai ya tabbatar rubutun ya kammala, sannan ya kawar da tsohon, ya ba sabon sunansa. Hikimar ita ce, in wani abu ya faru a tsakiyar aikin, tsohon kwafin yana nan lafiya. Ban da wannan, da zarar an buɗe takarda, Word yakan ajiye wani ɗan ƙaramin ɓoyayyen fayil kusa da ita, sunansa na farawa da wata lanƙwasasshiyar alama da alamar dala, a cikinsa akwai sunan wanda ya buɗe takardar, domin in wani a ofis ya zo buɗe ta a gaya masa akwai mai aiki a kai. LibreOffice, wata manhajar buga takardu, ita ma tana da irin nata. Manhajar shiga intanet kuma, kamar Chrome ko Firefox, takan tara abin da ake saukewa a wani fayil na rabi-da-rabi har ya cika. Duk waɗannan kamar katakon da birkila ke tokare bene da shi ne kafin siminti ya kama: babu gini sai da shi, amma ba wanda zai karɓi makullin gida a bar masa katakon a tsakar falo.

Yadda ake barin su kuwa, mafi yawa ba wani abin mamaki ba ne. Mai rubuta manhaja yakan tsara aiki kamar haka: buɗe fayil, yi aiki, rufe, share. Muddin komai ya tafi daidai, umarnin sharewa zai zo a ƙarshe ya yi aikinsa. Amma in aikin ya ci karo da matsala a tsakiya, manhajar sai ta yi tsalle zuwa wajen nuna saƙon kuskure, ta tsallake layin sharewa. Wani lokacin kuma umarnin yakan zo, sai ya tarar manhajar riga-kafin bairos tana riƙe da fayil ɗin tana dubawa, Windows ya ƙi yarda a share shi, manhajar kuma ba ta sake gwadawa ba, ba ta kuma gaya wa kowa ba. Shi ya sa wannan irin lahani yake daɗewa ba a gano shi ba. Kuskuren da ke sa allo ya sandare, kowa zai gani ya yi ƙorafi a ranar. Kuskuren da ke barin fayil guda a ɓoyayyiyar folda ba ya hana kowa aiki yau, sai ya taru wata da watanni.

Ga misali da ya nuna ƙarshen abin. Windows 7 yana ajiye wani kundi da yake rubuta tarihin sabuntawar da aka yi masa. Idan kundin ya yi girma, sai ya kira wata ƙaramar manhaja mai suna makecab ta matse shi don ya rage cin wuri. Matsalar ita ce, wannan manhaja ba ta iya ɗaukar fayil ɗin da ya kai gigabait 2. In kundin ya kai haka, sai ta fara matsewa, ta tara gutsattsari masu girman kusan megabait 100 kowanne a foldar Temp ta Windows, ta kasa ƙarasawa, ta mutu ta bar su. Bayan ɗan lokaci Windows ya sake kiranta, ta sake farawa, ta sake kasawa, ta sake barin wasu. Ɗan jaridar kwamfuta Woody Leonhard ya yi rubutu a kan wannan a shekarar 2016, lokacin da mutane ke ba da rahoton cewa tarkacen ya cinye musu ɗaruruwan gigabait. Abin lura a nan shi ne, mai kwamfuta zai iya share foldar tas da safe, kafin wani lokaci ta sake cika, domin tushen yana can a wani kundi da bai ma san da shi ba. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 tun ranar 14 ga Janairun 2020, amma ku zaga shagunan buga takardu da ƙananan ofisoshi a garuruwanmu, za ku tarar da shi yana aiki a kan tsofaffin kwamfutocin gwanjo. A watan Mayun 2021 kuma aka ga wani makamancinsa daga Windows Defender, wato riga-kafin da ke zuwa tare da Windows: wata sabuntawa ta sa ya shiga haifar dubban ƙananan fayiloli a foldar tarihin bincikensa, sai da aka fitar da gyara bayan 'yan kwanaki.

Mai ja zai ce, to, ai wuri ya yi arha yanzu, ma'ajiya mai terabait guda ba abin a zo a gani ba ce, me zai sa a ta da jijiyar wuya kan ɗan tarkace? Amsa ta farko, arha ga wa? Kwamfutoci da yawa a hannun ɗalibai da masu ƙananan sana'o'i masu ma'ajiyar gigabait 128 ko 256 ne, kuma Windows 11 shi kansa ba ya hawa kan ƙasa da gigabait 64. Amsa ta biyu ta fi muhimmanci: cin wuri ba shi ne kaɗai ɓarnar ba. Windows yana da wata tsohuwar hanya da manhajoji ke roƙon sunan fayil na wucin gadi. Sunan yana ƙunshe da harufa uku da wata lamba, kuma iyakar lambobin da za su iya fitowa 65,535 ne. Microsoft da kansa ya rubuta wannan iyaka a takardun da yake ba masu rubuta manhaja. In wata manhaja mai sakaci ta cinye sunayen nan ba ta share ba, ko da kowane fayil fanko ne ba komai a ciki, duk wata manhaja da ke amfani da harufa ukun nan za ta nemi suna ta rasa, ta tsaya cak. Ma'ajiya na da sarari fal, amma aiki ya ƙi, kuma wadda ta faɗi ba ita ce mai laifin ba. Irin wannan ne ke sa mai gyara ya cire manhajar da ba ta yi komai ba, ya sake sakawa, matsalar ta dawo.

Outlook ma an daɗe da saninsa da wani abu mai kama da haka, kuma shi ne zai kai mu ga abin da ya fi damuna. Idan mutum ya buɗe takardar da aka liƙo masa a imel, Outlook yakan kwafe ta zuwa wata ɓoyayyiyar folda, daga can ake buɗe ta. In aka rufe Outlook takardar na buɗe, kwafin yakan zauna. Gobe a aiko wata mai suna iri ɗaya, sai a lanƙaya mata lamba 1, wata lamba 2, har zuwa 99, daga nan sai saƙon kuskure cewa ba a iya ƙirƙirar fayil. Wannan ɓacin rai ne kawai. Amma ku tambayi kanku me ke cikin kwafin nan da suka taru. Takardar albashi ce, sakamakon asibiti ne, wasiƙar lauya ce. Ma'aikaci ya share imel ɗin yana ganin ya rufe sirri, alhali kwafi yana kwance a inda bai taɓa leƙawa ba. A 2018 masu binciken tsaro biyu, Wojciech Reguła da Patrick Wardle, sun nuna cewa kwamfutocin Apple suna ajiye ƙananan hotunan samfoti na fayilolin da aka duba, har da na filash da na ma'ajiyar da aka kulle da kalmar sirri, a wani wuri da ba a kulle ba, kuma hotunan na nan ko bayan an zare filash ɗin. Ku auna wannan da yadda muke hulɗa da kwamfuta a nan. Mutane da yawa ba su da tasu. Filash ake ɗauka a kai shago a buga takardar neman aiki, takardar fili, rantsuwar kotu, ko a ɗauki hoton katin shaidar ɗan ƙasa. Mai shago na iya zama mutum mai amana, ya share fayil ɗinka a gaban idonka, amma bai san manhajar sikana ta bar hoton katin a foldar Temp ba. Ranar da kwamfutar ta lalace aka kai gyara, ko aka sayar da ita a kasuwa, sirrin abokan cinikinsa ya bi ta. Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a tun watan Yunin 2023, wadda ta ɗora wa mai riƙe da bayanan mutane alhakin kula da su, sai dai mutum ba ya kula da abin da bai san yana hannunsa ba.

Ja na biyu ya fi ƙarfi, kuma masu rubuta manhaja ne ke kawo shi. Suna cewa, manhajar da aka kashe ba zato ba tsammani ba ta da damar share komai. In an ɗauke wuta, ko an sauya daga wutar gari zuwa janareto kwamfuta ta mutu, wa zai aiwatar da umarnin sharewa? Wannan gaskiya ne, kuma mu nan mun fi kowa sanin haka, tunda kwamfutar tebur ba ta da batir, kuma ba kowane shago ke da na'urar UPS mai riƙe wuta ba. Abin da a wata ƙasa yake faruwa jefi-jefi, a nan yana iya faruwa sau da yawa a yini guda, don haka lahanin da mai manhaja ya raina a can, mu ne muke kwasar kashinsa. Amma uzurin bai wanke su ba, domin an daɗe da tanadar magani. Windows yana ba mai manhaja damar ya yi wa fayil alama tun a lokacin buɗe shi cewa a share shi da zarar an sake shi, kuma Windows ne ke sharewar, ko da manhajar ta faɗi warwas. A tsarin Unix akwai tsohuwar dabara ta cire sunan fayil nan take bayan buɗe shi, manhaja ta ci gaba da aiki da shi, tana mutuwa wurin ya koma fanko. Linux ya ƙara sauƙaƙa wannan a 2013, ya ba da hanyar ƙirƙirar fayil marar suna tun daga farko. Game da ɗauke wuta kuwa, abin da ake buƙata bai wuce manhaja ta ware foldarta ta kanta ba, duk lokacin da aka tashe ta ta fara da duba ko ta bar wani abu a zaman da ya wuce. Aiki ne na 'yan layuka. Wanda bai rubuta su ba ya zaɓi ya ɗauka cewa wuta ba ta ɗaukewa, kuma wannan zaɓi nasa ne.

Akwai kuma masu cewa, ai waɗannan fayiloli da ake zagi su ne ke ceto mutum ranar da wuta ta ɗauke yana tsakiyar babi na huɗu na kundin digirinsa. Na yarda da su ɗari bisa ɗari, kuma misalin nasu yana ƙarfafa maganata ne. Word yakan ajiye kwafin ceto duk bayan minti 10 in ba a sauya saitin ba. Da aka sake buɗe shi, shi da kansa zai nuna kwafin ya tambaya ko ana so. Takardar da aka rufe ba a taɓa ajiye ta ba kuma, yakan riƙe ta kwana 4 sannan ya share. Wannan fayil ne da aka bari da gangan, yana da mai shi, yana da amfani, yana da wa'adi. Ku kwatanta shi da ɗan fayil ɗin nan mai alamar dala da na ambata. In kwamfuta ta mutu ya zauna, yana iya sa a gaya wa sakatariya cewa wani yana aiki a kan takardar, ta duba sunan ta ga nata ne. Manhaja ɗaya ce, ta nuna mana yadda ake yi daidai da yadda ake yin sakaci.

Sai ja na ƙarshe, wanda ya fi yaɗuwa a tsakanin masu gyara: a saka manhajar shara, magana ta ƙare. A nan ne nake son mai sauraro ya yi hattara, domin mai shara daga waje ba ya sanin wane fayil ne tarkace, wane ne kwafin ceto, wane ne manhajar sakawa ke jira ta ƙarasa aiki da shi bayan an sake kunna kwamfuta. Kintace yake yi, da suna ko da tsufa. Kuma kuskure wajen sharewa ya fi kuskuren bari muni nesa ba kusa ba. A watan Oktoban 2018 Microsoft ya fitar da babbar sabuntawar Windows 10, cikin 'yan kwanaki ya janye ta, saboda ta goge wa wasu mutane takardunsu da hotunansu. Musabbabin shi ne wani umarni da aka saka don ya kawar da tsofaffin foldoji da aka ɗauka babu komai a cikinsu, ashe akwai. Kamfanin ya ce waɗanda abin ya shafa kaɗan ne ƙwarai, amma sai tsakiyar Nuwamba ya sake fitar da ita. Kafin nan, a Janairun 2015, manhajar wasanni ta Steam a kan Linux tana da layi guda da ke share foldarta. Wani ya matsar da foldar, adireshin ya fito fanko, layin ya share duk abin da mutumin ya mallaka a kwamfutar, har da ma'ajiyar waje da ke jone. Garin neman gira aka rasa ido. In masu manhaja da kansu suna iya yin wannan kuskure a cikin kayansu, me za a ce da baƙuwar manhaja da aka sauke kyauta aka miƙa wa ikon shiga ko'ina? Ikon nan ma abin tsoro ne a karan kansa. Tsakanin Agusta da Satumban 2017, masu kutse sun cusa muguwar manhaja a cikin CCleaner, wadda tana cikin mashahuran manhajojin shara a duniya, kuma gurɓataccen kwafin ya shiga kwamfutoci kimanin miliyan 2.27 ta hanyar saukewa daga kamfanin kansa. Ko lambar da mai shara ke nunawa ba kullum take gaskiya ba: a ƙarshen 2024 masu Windows 11 sun yi ta ganin gigabait 8.63 da suka ƙi sharuwa, daga baya Microsoft ya ce kuskuren lissafi ne a wajen nunawa.

Wani zai ce, to mu da ba mu rubuta manhaja, sai mu naɗe hannu? A'a, amma a san iyakar abin da sharar mai kwamfuta ke yi. In za a share, a yi da kayan da suka zo da Windows, wato Disk Cleanup ko Storage Sense, wanda aka ƙara a Windows 10 a 2017, domin su aƙalla sun san kayan gidansu. A karanta akwatunan da za a yi wa maki kafin a danna, musamman in an ga foldar Downloads, tunda mutane da yawa a nan suke ajiyar dindindin. In za a shiga foldar Temp da hannu, a sake kunna kwamfuta tukuna, a rufe duk manhajoji, kuma duk fayil ɗin da ya ƙi sharuwa a ƙyale shi, wani na aiki da shi. In kuwa wuta ce ta ɗauke ana tsakiyar rubutu, kada a share komai sai an buɗe manhajar an karɓi kwafin ceto. Masu shagon buga takardu da sikana su kam ya kamata su mai da wannan aikin kowace yamma, saboda amanar mutane, kuma kada kwamfuta ta bar hannunsu zuwa kasuwa sai an goge ma'ajiyarta gaba ɗaya, gogewar da ba a iya dawo da fayil.

Ga masu gyara kuma, da masu kula da kwamfutocin ofis, kafin a share a tsaya a duba. A jera fayilolin bisa kwanan wata da girma, a lura da harufan farkon sunayensu. In ɗaruruwa suna farawa da harufa iri ɗaya, manhaja ɗaya ce ke haifarsu, kuma sau da yawa sunan ma yakan tona ta. In an share yau, mako mai zuwa an tarar sun dawo, to a nemi sabuntawar manhajar, ko a sauya ta, a kuma aika wa masu ita rahoto ɗauke da sunan foldar, da samfurin sunayen fayilolin, da lambar fitowar manhajar, da abin da ake yi lokacin da suke bayyana. Lahanin Defender na 2021 an gyara shi cikin kwanaki ne bayan masu kula da kwamfutoci sun yi ta kai rahoton abin da suka gani dalla-dalla. Matasanmu da ke koyon rubuta manhaja a jami'o'i da cibiyoyin fasaha a Kano da Zariya da Yamai, ga gwaji mai sauƙi kafin ku miƙa wa kowa aikinku: ku tashi manhajar a kwamfutar gwaji, tana tsakiyar aiki ku zare wayar wuta daga bango, ku mayar, ku kunna, ku sake buɗe manhajar ku rufe, sannan ku shiga foldar Temp ku ƙirga abin da ya rage.